Kashi goma da kofaratif ɗin ma'aikata ke zarewa a rance: kuɗin hidima ne ko kuɗin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma'aikaci ne a wani asibitin gwamnatin tarayya. Muna da kofaratif, mu kusan 200, ana cire wa kowa abin da ya yanka wa kansa daga albashi duk wata. Mai buƙata yana karɓar rance ya biya cikin wata 10, amma ana zare kashi 10 cikin ɗari tun wurin bayarwa da sunan kuɗin hidima: wanda ya nemi naira 500,000 sai a tura masa 450,000. Ƙarshen shekara a raba abin da aka tara gwargwadon ajiyar kowa. Wani malami ya ce mana ba komai, tunda kuɗinmu ne ke dawo mana. Yanzu ina son in karɓa saboda kuɗin makarantar yara, in kuma kashe wani bashin manhajar waya da ya hana ni barci. Ni ne sakataren ƙungiyar, ni ke cika takardun. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yaye maka, ɗan'uwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 irin wannan tambaya ba ta yanke mini ba, kuma mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai kai wa mai iyali ko'ina ba.

Tara kuɗin da kuke yi halal ne, bai wa juna rance kuma aikin lada ne. Matsalar tana cikin kalma ɗaya da ka faɗa: kashi. Da kuɗin hidima ne na gaskiya, da wanda ya ranci 50,000 da wanda ya ranci 500,000 abu ɗaya za su biya, domin fom ɗaya ka cika musu, cajin banki kuma kusan ɗaya ne. To me ya sa wannan ya biya 5,000, wancan ya biya 50,000? Hidimar ba ta ƙaru ba, bashin ne ya ƙaru. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta karɓar kuɗin hidima a kan rance da sharaɗin kada ya wuce abin da aka kashe a zahiri, abin da ya ɗoru a kai kuɗin ruwa ne. Zare shi tun farko bai sauya komai ba, sai ma ƙara muni: 450,000 ta shiga hannunka, 500,000 ta hau wuyanka, ka ga ƙarin ya ma zarce kashi 11 na abin da ka karɓa. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san lafazin Ibnu Abi Zaid cewa rancen da ke jawo amfani bai halatta ba.

Sai maganar da aka gaya muku, wai kuɗinku ne ke dawo muku. Na sha jin ta, har daga bakin mutanen kirki, kuma ina ganin harshenmu ma yana taimaka mata, tunda Bahaushe da ribar ciniki da ribar da Alƙur'ani ya haramta duk riba yake ce musu. Masu wannan ra'ayi suna cewa mutum ba ya cin ruwan kansa, aljihun dama ne ya ba na hagu. Da kai kaɗai ka mallaki asusun, da maganarsu ta yi. Amma ku 200 ne. Abin da aka ranta maka, ɗan kaɗan ne naka a ciki, sauran na abokan aikinka ne, kuma dukiyar kowa tasa ce ko da an zuba ta a tukunya ɗaya. Cikin 50,000 da aka zare maka, nawa za ta dawo maka a Disamba? Kai ne sakatare, buɗe littafin ka duba. Za ka tarar masu karɓar rance su ne ƙananan ma'aikata, masinja da mai shara da direba, waɗanda albashi ke ƙare musu kafin ranar 10 ga wata. Masu kwasar kaso mai tsoka kuwa su ne manyan da ajiyarsu ta fi yawa, waɗanda wataƙila ba su taɓa cika fom ɗin rance ba. Kuɗi na tashi daga hannun mai buƙata yana sauka a hannun mai rara, ba ciniki, ba kasadar asara, don kawai lokaci ya shuɗe. In wannan ba shi aka haramta ba, to wanne ne?

Wasu kan ce ai kowa ya yarda, an sa hannu a taro. Mai karɓar bashi da ruwa a ko'ina da yardarsa yake karɓa, yarda ba ta halatta shi. Wasu kuma su kawo faɗuwar darajar naira, su ce ƙarin yana cike giɓin ne. Wannan ta fi sauran ƙarfi, domin mai ajiya yana cutuwa da gaske. Sai dai kashi goman nan kun yanka shi tun kafin a san ko naira za ta faɗi ko za ta tashi, kuma kuna karɓarsa tun shekarun da farashi ke zaune. Kada kuma a haɗa shi da adashi: a adashi abin da ka zuba shi kake kwasa, ko kwabo ba ya ƙaruwa, shi ya sa mafi yawan malamai suka halatta shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne faɗinka cewa kai ne sakatare. Ka zo kana tambaya a matsayin mai karɓar rance, alhali alƙalamin yana hannunka, kuma hadisin Jabir da ke cikin Muslim ya ambaci marubuci da shaidu tare da mai cin kuɗin ruwa da mai bayarwa cikin waɗanda aka la'anta. Ban ce ka ajiye muƙamin gobe da safe ba. Kujerar nan ita ce damarka. Ka kai wa taro na gaba tsari a rubuce: rance ya koma ba ƙari, sai kuɗin fom ƙayyadadde iri ɗaya ga kowa, gwargwadon abin da ake kashewa. Ribar ƙungiya kuma ta fito daga ciniki: ta sayi shinkafa, masara, siminti, babur ko firji, kayan su shiga mallakarta tukuna, sannan ta sayar wa mamba da farashin da aka yanke, ya biya kaɗan-kaɗan. Ƙarin farashi saboda jinkirin biya halal ne a mazhabobi huɗu, muddin an tsayar da shi lokacin ƙulla ciniki kuma ba a ƙara wa wanda ya makara. Hattara da dabarar miƙa wa mutum tsabar kuɗi a rubuta "shinkafa" a rasit. In sun ƙi bayan ka yi iya yinka, to ka sauka daga cika takardun rance. Rabon da ka karɓa a baya, ka ƙiyasta abin da ya fito daga wannan kashi, ka mayar wa waɗanda aka zare wa in ka san su, in ba haka ba ka ba mabuƙata.

Game da buƙatarka: kuɗin makaranta bai kai larurar da ke halatta haram ba. Fara da janye ajiyarka ta kanka in dokar ƙungiya ta yarda, ka kashe bashin manhajar nan da ita, domin kullum hauhawa yake, kuma masu shi ba sa jin kunyar aika wa surukanka saƙo. Ka goge ta daga wayarka ranar da ka gama biya. Makaranta kuwa je ka da kanka ka nemi a raba maka biya, in ta fi ƙarfinka ka sauya wa yara wata, ba abin kunya ba ne. Ka kuma zaunar da maiɗakinka ka gaya mata ainihin albashinka da bashin da ke kanka. Maza da yawa suna ɓoye wannan har hawan jini ya kayar da su, kai kuwa a asibiti kake, awon jini ba zai ci maka minti biyar ba.

Tunda ma'aikacin tarayya ne kai, ana cire maka kashi 8 na fansho, gwamnati na zuba kashi 10, bisa dokar 2014. Wannan tilas ne, babu laifi a kanka, kuma babu zakka a ciki sai ya shigo hannunka. Amma tun 2021 hukumar PenCom mai kula da fansho ta buɗe Asusu na Shida wanda ba a juya shi da kuɗin ruwa. Ka rubuta wa kamfanin da ke riƙe da fanshonka ka nemi a mayar da kai can, ka kuma sanar da abokan aikinka a wannan taron.

Wallahu a'alam.