Mai burga a teburin Limit Hold'em: a bi shi ko a ajiye?

Ɗan'uwa, ka ce wani a teburinku na Limit Hold'em, wasan karta na poker mai ƙayyadadden zubi, kullum sai ya zuba ya ƙara, ko da ba shi da komai a hannu, kuma kai ke ta ajiye kati. To, daina saurin ajiyewa.

A wasan da aka ƙayyade zubi, burga ba ta da haƙora sosai. Ɗauki teburin dala 2/4, wato ƙaramin zubi dala 2, babba dala 4: an buɗe katin ƙarshe, kuɗin tsakiya dala 32, ya zuba 4. Za ka biya 4 ne don neman 36. Ko sau ɗaya cikin goma ka kama shi yana ƙarya, ba ka faɗi ba. Mutum irin wannan kuwa ya fi haka ƙarya nesa ba kusa ba, don haka ko matsakaicin tagwai (kati biyu masu lamba ɗaya) gare ka, bi shi har ƙarshe.

In katinka ya yi ƙarfi, kada ka firgita shi da wuri. Bar shi ya yi ta zubawa, sai a kati na huɗu da ake buɗewa a tsakiya, inda zubi ke ninkuwa, ka ƙara masa.

Burgar ramuwa kuma manta da ita, ba ya ajiyewa. In kujera ta samu a hagunsa, koma can, ka riƙa ganin motsinsa kafin naka.