Kada Ki Rubuta Takardar Ajiye Aikin Nan

Wata mai karatu da ta shekara uku tana aikin karɓar kuɗi a wani babban kanti a Kano ta aiko da wasiƙa. Ta ce manajan reshensu ya yi watanni yana turo mata saƙonni ta WhatsApp cikin dare yana nemanta, kuma da ta ƙi shi ta kai kuka wurin shugabannin kamfanin, sai aka mayar da ita aikin dare, aka ba ta takardar tuhuma biyu cikin wata guda. Daga baya taifot ya kwantar da ita kwana takwas. Ta kawo takardar likita, amma aka zaftare albashin kwanakin, yanzu kuma an ce ta rubuta takardar ajiye aiki da hannunta "don a rabu lafiya".

Malama, kafin komai, kada ki rubuta wannan takarda, kada kuma ki sa hannu a kan wadda wani ya rubuta miki. Dalilin da ya sa ake matsa miki a kanta shi ne, duk ranar da magana ta je gaban alƙali, lauyan kamfanin zai ɗaga ta sama ya ce ga shi nan, ita ce ta tafi don raɗin kanta. Gaskiya ne kotu ta amince cewa ana iya ƙuntata wa ma'aikaci har ya ajiye aiki ba da sonsa ba, kuma tana ɗaukar hakan a matsayin kora, amma a lokacin nauyin tabbatar da tilascin zai koma kanki, alhali idan su suka sallame ki, su za a tambaya dalili.

Maganar albashi ita ce mafi sauƙi. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci damar karɓar albashinsa har na kwanakin aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ta hana shi zuwa, matuƙar likita mai rajista ya tabbatar. Dokar ba ta shafi manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru ba, waɗanda takardar yarjejeniyar aikinsu ce madogararsu, amma mai aikin kanta irin naki tana ƙarƙashinta. Kwana takwas bai kai 12 ba, saboda haka idan ba ki riga kin cinye kwanakinki na bana ba, kuɗin nan haƙƙinki ne, kuma sashe na 5 ya hana mai kamfani yanke albashi yadda ya ga dama.

Inda shari'arki take da ƙarfi, a ganina, shi ne ramuwar gayyar da ta biyo bayan ƙorafinki. Tun bayan gyara na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010, sashe na 254C ya damƙa wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai hurumin sauraron ƙararrakin wariya da cin zarafi ta hanyar neman lalata a wurin aiki, ya kuma ba ta ikon duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Kotun tana da reshe a Kano. A 2013, a shari'ar Maduka da kamfanin Microsoft na Najeriya, ta yanke cewa matar da aka sallama bayan ta ƙi amincewa da buƙatar shugabanta an tauye mata mutunci an kuma nuna mata wariya saboda jinsinta, kuma ba mutumin kaɗai aka ɗora wa diyya ba, har da kamfanin da ya kasa kare ta. Najeriya ta kuma rattaba hannu a 2022 kan Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta yi hani da cin zarafi a wurin aiki.

Sai dai alƙali ba ya hukunci da hawaye, da hujja yake yi, kuma irin wannan shari'a jerin ranaku ne ke ɗaure ta. Idan kika nuna cewa kin shekara uku babu takardar tuhuma ko ɗaya, kika kai ƙorafi ranar kaza, bayan mako biyu aka sauya miki lokacin aiki, sannan takardu suka fara zubowa, to ranakun da kansu za su yi magana. Ki sayi ɗan littafi ki rubuta kowane abu da ranarsa da sunan wanda ya gani. Kada ki goge saƙonnin nan ko da ganinsu yana tayar miki da zuciya. Na san mata da dama kan share su don gudun kada maigida ko iyaye su gani a juya musu magana, amma yin haka tamkar ƙona takardar gona ne ana gobe shari'a. Ki ɗauki hotonsu yadda lambarsa da lokaci za su fito, ki tura wa kanki ta imel, ki kuma riƙe wayar kada ki sayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani kan na'urar da saƙon ya fito daga cikinta.

Idan ƙorafinki na farko da baki kika yi, ki maimaita shi a rubuce yanzu, ki ambaci ranar da kika fara kai shi, ki nemi a biya ki albashin da aka yanke, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki. Kowace takardar tuhuma ki amsa ta a rubuce cikin ladabi da kan lokaci, ki kuma ci gaba da zuwa aiki ba makara, don kada ki miƙa musu dalilin da suke nema.

Ya kamata kuma ki san iyakar abin da za ki samu. Da wuya kotu ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya mayar da wanda ya sallama bakin aiki. Abin da aka saba shi ne diyya da sauran haƙƙoƙi. Idan suka sallame ki, mai shekara biyu zuwa biyar tana da sanarwar mako biyu ko kuɗinta a ƙarƙashin sashe na 11 na Dokar Ƙwadago, ko fiye idan takardar ɗaukarki aiki ta faɗi haka, kuma biyan wannan ba ya wanke su daga laifin ramuwa. Shari'a tana cin lokaci, shi ya sa nake ba da shawarar a fara da wasiƙar lauya ko sulhu a ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, domin kamfanoni da yawa sun fi son a daidaita kafin sunansu ya shiga takardar kotu. Idan kuɗin lauya ya fi ƙarfinki, ki tuntuɓi Ƙungiyar Lauyoyi Mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ki tafi da takardar ɗaukar aiki, da takardun albashi na watanni shida, da takardar likita, da wayarki.