Amsa ga Malam: Kafin ka ɗaga securelevel zuwa 3

Malam, ka ce za ka ɗaga matakin tsaro (securelevel) na FreeBSD, wato tsarin da ke gudanar da kwamfutar shagonku na Ringim, zuwa 3. Ni dai ina ba ka shawara ka yi a hankali.

Da zarar ka ɗaga shi, ko kai ne root, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, ba ka isa ka sauke shi ba sai ka sake kunna na'urar. Tun daga mataki na 1 kldload, umarnin loda direba (manhajar da ke sa kayan kwamfuta aiki), ya daina aiki, don haka direban da ka manta sai dai haƙuri. A na 3 kuwa, dokokin pf ko ipfw, masu tace abin da ke shiga da fita ta intanet, sun kulle gam.

Abin da ya fi ba ni wahala agogo ne. A mataki na 2 ba a gyara lokaci fiye da daƙiƙa 1 a tashi ɗaya. Batirin cikin kwamfutarmu da ke ƙauye, wadda ke mataki na 2, ya mutu, aka ɗauke wuta, ta tashi kafin intanet ya kama, kwanan wata ya koma baya. Shafuka suka ƙi buɗewa, ɗalibai na jiran rajista. Sai da na hau acaɓa na koma ƙauyen da rana tsaka.

In na'urar tana nesa da kai, tsaya a 1.