Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Fitar da 'Yan Meksiko Daga Ƙasarsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kullum muna jin labarin 'yan Meksiko da ke ƙetare iyaka zuwa Amurka, alhali an ce ƙasarsu tana da man fetur da masana'antu. Shin mene ne tushen wannan ƙaura? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, iyakar da ake ta magana a kanta ba ta cika shekara 200 ba. Lokacin da Meksiko ta samu 'yancin kai daga Sifaniya a 1821, Kalifoniya da Tekzas da Nebada da Yuta duk suna cikinta, kuma sai da aka kammala yaƙin 1846 zuwa 1848 ta tabbata cewa ta rasa kusan rabin ƙasarta ga Amurka. Iyalai da yawa sun kwana a Meksiko suka wayi gari a Amurka ba tare da sun ɗaga ƙafa ba.

Amma a ganina, wanda yake son gane wannan ƙaura sai ya leƙa gona. A Meksiko aka fara noman masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga can ta yaɗu har ta iso gonakinmu. Ƙaramin manomi yakan shuka ta tare da wake da kabewa a gona ɗaya wadda suke kira milpa: wake ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe laima. Uwargida kuma ta dafa tsabar da ruwan farar ƙasa ko toka, ta niƙa, ta murza ƙullun a tafin hannu, ta gasa siririyar gurasar da ake kira tortilla. Duk wanda ya taɓa wannan gona, ya taɓa cikin talaka.

An kuwa taɓa ta. A zamanin Porfirio Díaz, wanda ya riƙe ƙasar kimanin shekara 30 har zuwa 1911, manyan masu gandu sun haɗiye gonakin ƙauyuka, manoma suka koma 'yan ƙodago a filayen kakanninsu. Ana ba su kaya bashi a kantin mai gandu, bashin ba ya ƙarewa, idan uba ya rasu ɗa ya gaje shi. Wannan zalunci ne ya hura wutar juyin juya halin 1910, inda Emiliano Zapata ya jagoranci manoman jihar Morelos har aka kashe shi a 1919. Sashe na 27 na tsarin mulkin 1917 ya buɗe ƙofar rabon filaye, sannan Shugaba Lázaro Cárdenas, wanda ya yi mulki daga 1934 zuwa 1940, ya raba kimanin hekta miliyan 18, akasari a matsayin ejido, wato gonar gari wadda ake nomawa a gada amma ba a sayarwa. Shi ne kuma ya mayar da man fetur hannun gwamnati a 1938.

Hanyar ci-rani kuwa Amurka ce da kanta ta share ta. Daga 1942 zuwa 1964, a ƙarƙashin shirin Bracero, an sa hannu a kan takardun aiki sama da miliyan 4 domin leburorin Meksiko su je su yi mata noma. Shirin ya ƙare, amma ƙafa ta riga ta san hanya.

Babban bugun ya zo ne a 1992, da gwamnatin Carlos Salinas ta gyara sashe na 27 ta halatta sayar da gonakin ejido, sannan a ranar 1 ga Janairun 1994 yarjejeniyar cinikayya ta NAFTA da Amurka da Kanada ta fara aiki. Masarar Amurka, wadda gwamnati ke tallafa wa manomanta, ta kwararo da araha, mai 'yar gonarsa ya kasa mayar da kuɗin takinsa. A wannan rana ce 'yan asalin ƙasa a jihar Chiapas suka ɗauki makamai da sunan Zapata. Kafin shekarar ta ƙare darajar kuɗin peso ta faɗi warwas. Masana'antu sun ƙaru a garuruwan bakin iyaka, gaskiya ne, amma ba su ɗauke duk wanda gona ta saki ba.

A kan talauci sai aka ɗora tsoro. Tun da aka tura sojoji yaƙi da masu fataucin miyagun ƙwayoyi a 2006, kisa ya yawaita, kuma a 2022 adadin waɗanda suka ɓata a rajistar gwamnati ya haura 100,000. Akwai iyaye mata da ke fita daji da shebur suna tonon ƙasa don neman gawar 'ya'yansu, abin da ya fi komai sosa mini rai a wannan labari.

Sai dai, Malam, ba duk wanda ka gani a bakin iyakar ba ne ɗan Meksiko. Da yawa daga Gwatamala da Honduras da Benezuwela da Haiti suke, ratsawa kawai suke yi. 'Yan Meksikon da suka riga suka ƙetare kuwa sun aiko gida da sama da dala biliyan 60 a 2023, fiye da abin da ƙasar ta samu daga sayar da mai a waje. Claudia Sheinbaum, mace ta farko da ta shugabanci ƙasar, ta hau mulki a Oktoban 2024, kuma a Maris ɗin 2025 aka shigar da haramcin shuka masarar da aka sauya wa ƙwayar halitta cikin tsarin mulki, domin kare irin da manoman milpa suka gada.