Shamuwar tsamiyar ƙofar gida

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan La'asar, na karanta shi har sau biyu. Da farko dariya na yi, a karo na biyu kuma gabana ya ɗan faɗi. Ka ce malaminku na ilimin dabbobi ya sa kowa ya kawo ƙasusuwan tsuntsu a harhaɗa, kai kuma hankalinka ya tafi kan shamuwar tsamiyar ƙofar gidanmu, don ka ga tana da doguwar ƙafa da dogon baki. Sannan kana tambaya, hanin da aka yi mana na taɓa shamuwa, camfi ne ko akwai dalili.

Kafin komai, kada ka aiki ɗan kowa da danƙo gindin itacen nan. Ka nemi zabo, ku ci naman, ka wanke ƙashin ka shanya. Abin da malamin yake so ku gani yana jikin zabo: ƙashin fiffike mai rami a ciki don kada nauyi ya yi yawa, da faffaɗan ƙashin ƙirji mai tozo, inda naman da ke kaɗa fiffike yake kamawa.

Ina da shekara goma sha ɗaya a daminar 1974, wadda ta biyo bayan babban fari. Shanun Fulanin da ke bayan gari sun ƙare, rumbunanmu babu komai sai ɗan irin da kakanmu ya ɓoye a tulu ya liƙe bakinsa da laka. Kowa idonsa na gabas. Ran nan da hantsi sai ga shamuwa sun sauka kan tsamiya, baƙaƙen baya, fararen ciki, fuska shuɗiya da ɗan ja kusa da ido. Tsoho, wato kakan namu, ya fito daga zaure ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce a ɗauko sungumi a gyara masa ƙota. Yakan ce shamuwa ba ta taɓa yi wa manomi ƙarya ba.

Da damina ta yi tsakiya suka ƙyanƙyashe. Ni kuwa ƙuruciya ta sa na jefi sheƙar da hoge, ɗa ɗaya ya faɗo, duk jikinsa gashi-gashi, bai iya tashi ba. Na tsaya ina jiran bulala. Tsoho bai dake ni ba. Ya sa aka kawo tsohon kwando, aka ɗora shi kan rufin rumbu, ya ce mini: "Kai ka raba shi da uwarsa, daga yau kai ne uwarsa." Bai ƙara ko kalma ba.

Ɗana, ban san cin tsuntsu ba sai a makonnin nan. Da asuba, raɓa ba ta bushe ba, fara ba ta iya tsalle sosai, nake shiga gona da ƙwarya. In kawo, ya haɗiye, ya sake buɗe baki. Akwai ranar da na ƙirga har hamsin na bar ƙirga. Tsutsar ganye yana ci, ƙananan kwaɗi yana ci, har jinjirin ƙadangare. Ina zaune nan na lura da yadda iyayen suke yi a sama: su dawo daga kiwo, su amayo abin da suka tsinto cikin sheƙa, 'ya'yan su yi ta wawa. Ɗa ɗaya ya gajiyar da ni, su kuwa biyu ne ko uku a kowace sheƙa, ga sheƙar ta fi goma a tsamiya ɗaya.

Shekarar nan fara ta yi yawa, ta faɗa wa gero yana bununi. Mun fita da ganye muna kora, abin ya fi ƙarfinmu. Sai ga shamuwa garke guda sun sauka cikin kunyoyin gonar, suna tafiya sannu suna tsinta. Tsoho ya dafa kafaɗata ya nuna su da sanda, ya ce: "Ga 'yan ƙwadagon da ba sa tambayar lada." Gonarmu ba ta tsira duka ba, amma mun ɗaure abin da ya kai mu bazara. Nawa kuwa ya tashi wata safiya, ya zagaya rumbu sau ɗaya ya hau tsamiya, daga nan ban ƙara bambance shi da 'yan'uwansa ba.

Akwai abin da ya dame ni lokacin: ƙafafunsa sun yi fari fat, na ɗauka ciwo ne. Sai da na je karatun aikin gona a Samaru na ji cewa dangin shamuwa kashi suke yi a ƙafa da gangan. Tsuntsu ba ya gumi, to idan ruwan kashin ya bushe sai ya sanyaya jinin da ke bin ƙafar. Can kuma na san inda suke tafiya. Kakarmu cewa take gabas suke yi. Ashe kudu ne, su tsallake layin da ya raba duniya gida biyu zuwa su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabwe har Afirka ta Kudu, inda damina ke farawa wajen Nuwamba, daidai lokacin da tamu ta ɗauke. Ruwa suke bi, don inda ruwa yake can fara take. Ba sa wahalar da fiffike, iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa suke hawa suna shawagi. A littafinku za ka tarar da sunan Abdim a jikinta. Wani gwamnan Turkawa ne a ƙasar Sudan, masanin Jamus da ya rubuta ta a 1823 ya laƙaba mata sunansa. Mu dai shamuwa muka gada.

Yanzu fa? An sare manyan itatuwan gari an yi gawayi. Ko tsutsa ɗaya aka gani sai a goya tankin feshi, ba mai tambayar wa zai ci farar da ta sha maganin. Ni kaina na yi shekaru ina koya wa manoma feshi, akwai ranakun da nake tunanin hakan in kasa barci. Ku kuma kun san sunan kowace gaɓa da Turanci, amma in na tambaye ka bambancin tashin shamuwa da na balbela za ka ce bari ka duba waya. Shamuwa miƙe wuya take yi, balbela da zalɓe naɗe shi suke yi.

Maganar camfi kuwa, gaskiya an ce mana wanda ya taɓa ƙwanta hannunsa zai yi ta rawa har tsufa. Ni ɗanta na taɓa, ba ƙwai ba, saboda haka ba ni da shaida a kan wannan. Kakanmu dai bai taɓa tsorata ni da shi ba, iyakarsa ya ce baƙuwa ce, baƙo kuwa raɓa ne, ba a ɗaga masa hannu.

In kun sami hutu cikin Mayu ka taho da littafi da alƙalami, mu zauna a dakali ka ƙirga sheƙar. Bara uku na gani. Zabon kuma ka gaya wa mahaifiyarka kada ta farfasa ƙirjin wajen yanka, a bar maka shi ɗungurungum.