Me Ya Sa Murya Ke Rabuwa Biyu a Lasifikata?

Tambaya: Malam, na sayi lasifika mai faifan raga dogo a sama da akwatin bas a ƙasa. Idan na kunna tafsiri sai in ji kamar kaurin muryar malamin na fitowa daga ƙasa, sauran kuma daga sama. Shin lalacewa ta yi? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya a ce lalacewa ce. Faifan saman leda ce siririya da wutar lantarki ke kaɗawa tsakanin ragar ƙarfe biyu, kuma ba ta iya fitar da amo mai kauri sosai, shi ya sa ake haɗa ta da sifikar bas. Mahaɗar da ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki galibi tana tsakanin 250 da 500 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), a tsakiyar murya ke nan, domin tushen muryar namiji yana tsakanin 85 da 180 Hz, amma yawancin amon da ke bambanta haruffa yana sama da mahaɗar, don haka kaurin muryar ke fitowa daga akwatin bas, sauran kuma daga faifan.

Ledar tana fitar da sauti gaba da baya, kuma ƙarfinsa yana raguwa a hankali idan ka yi nisa, na bas kuwa yana faɗuwa da sauri, don haka daidaiton ya dogara da nisan inda kake zaune. A ganina mahaɗa mai ƙarancin Hz ta fi, sai dai tana buƙatar faifai mai faɗi, wanda kuɗinsa ba wasa ba ne.

Ka janye lasifikar kimanin mita ɗaya daga bango, ka shimfiɗa darduma idan daɓen tayil ne, sannan ka rage bas kaɗan ka sake saurare.