Linux a cikin Windows: dole sai na goge komai?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗalibin kwamfuta ne, lakcaranmu ya ce kowa ya sa Linux kafin sati mai zuwa. Laftof ɗina HP ce ta hannu, RAM 4GB, Windows 10, kuma furojet ɗina da hotunan bikin yayata duk suna ciki. Wani mai gyara ya ce min sai an yi fomatin. Haka ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikas salam ɗan'uwa. A'a, kar ka yarda kowa ya yi maka fomatin saboda wannan. Ka sauke VirtualBox, manhaja ce kyauta ta kamfanin Oracle, aikinta ta ƙirƙiro wata kwamfutar a cikin taka, Linux ya zauna ciki kamar baƙon da aka sauka a ɗakin soro, maigida na cikin gidansa ba abin da ya taɓa shi. Zai buɗe ne a taga yadda Chrome ke buɗewa, ka gama ka rufe.

Matsalarka ɗaya ce, RAM ɗin nan. Linux iri-iri ne, kowa Ubuntu zai ce maka ka sa, toh amma Ubuntu 24.04 shi kaɗai 4GB yake nema, ga Windows ya riga ya cinye kusan rabi tun kafin ka buɗe komai, in ka matsa sai ka ga linzami na tafiya da ƙyar, fanka na ta ihu har ka tsani Linux ɗin ba laifinsa ba. Fayil ɗinsa ma kusan 6GB ne, ka san kuɗin data yanzu. Ni dai Lubuntu zan ce ka ɗauko ko Linux Mint Xfce, duk a kan Ubuntu aka gina su, umarnin da lakcara zai koyar iri ɗaya ne. A cikin VirtualBox ka ba Linux ɗin 2048MB na RAM da 25GB na ma'aji, ka rufe Chrome in za ka kunna. In da hali kuma ka ƙara RAM ya kai 8GB, ya fi duk wata dabara.

In ka danna Start a VirtualBox ya faɗo maka da saƙo mai ɗauke da VT-x, ba lalacewa ba ce, wani saiti ne da VirtualBox ke buƙata yake a kashe. Kashe laftof ɗin, kana kunnawa ka riƙa danna F10, a HP shi ke kai ka BIOS, wato shafin saitin laftof ɗin kanta, ka nemo Virtualization Technology ka mayar da shi Enabled ka yi sebin.

Wajen da gaban mutane ke faɗuwa shi ne lokacin instol, zai nuno maka Erase disk. Wallahi da yawa a nan suke fasawa. Ma'ajin bogi da VirtualBox ta ƙirƙira shi zai goge, wanda a wajen Windows fayil ɗaya ne kawai, hotunan yayarka bai ma san da su ba. Danna abinka. Amma fa wannan maganar a cikin tagar VirtualBox ce kawai, in da filas ka tayar da laftof ɗin kai tsaye to da gaske zai share.

Yana gamawa ka sa Guest Additions, wani ƙarin VirtualBox ne, don allon ya cika, sannan ka ɗauki Snapshot, wato adana yanayin da Linux ɗin yake a lokacin, duk ranar da ka jagwalgwala abu sai ka dawo nan. In linzami ya maƙale a ciki danna Ctrl na hannun dama. Kuma in batirinka ya mutu kar ka fara instol sai kana da tabbacin wuta, in Nepa suka ɗauke a tsakiya daga farko za ka sake.

Tambaya: Malam ni ba ni da laftof, zai yiwu a waya? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: VirtualBox ba ta aiki a waya 'yar'uwa. Amma in Android ce ki sa manhajar Termux, ki ɗauko ta F-Droid, wani shagon manhajoji irin Play Store, za ki samu baƙin allon rubuta umarni, ki koyi su ls da cd da nano har Python. Tagogi da linzami ne dai babu, kuma rubutu da babban yatsa akwai gajiya, in kin samu ƙaramin kibod na bulutut zai taimaka sosai.